Yadda Ake Kwana a Otal ɗin Ƙanƙara: Jagora Ga Mai Tashi Daga Garwa, Marwa ko Njamena

Wanda ya tashi a Garwa ko Kuseri sanyi iri ɗaya ya sani, wato na hunturu. Ya sauko da asuba a watan Janairu, a hura wuta a tsakar gida, yara su ƙi wanka, kafin hantsi ya watse. Ko a daren da ake cewa jaura ta sauka a Njamena, da wuya ma'auni ya yi ƙasa da digiri 10. Ɗakin otal ɗin ƙanƙara kuwa yana tsayawa ne a wajen digiri 5 ƙasa da sifili, dare da rana. Firij na gida yana kan digiri 4 sama da sifili, firiza kuma 18 ƙasa da sifili. Ke nan wurin da za ka kwana ya fi firij sanyi, amma bai kai firiza ba.

Ana kwana a ciki lafiya lau, har da minshari. Waɗanda suke shan wuya, yawanci ba sanyin ɗakin ne ya ci su ba, danshi ne: gumin jikinsu, hucin bakinsu, safar da suka yini da ita. Kuma dabarun da muka gada na maganin hunturu, irin su jibga riguna, da ƙudundune kai cikin bargo, da ɗirkar shayi kafin kwanciya, su ne ainihin abin da ke jawo wannan danshin a can.

Wurin da kansa

Mafi daɗewa kuma mafi suna shi ne Icehotel, a ƙauyen Jukkasjärvi da ke arewacin Suwidin, kilomita 17 daga garin Kiruna, kimanin kilomita 145 arewa da layin da ake kira da'irar Aktik. Yngve Bergqvist ne ya kafa shi a 1989 a bakin kogin Torne. A watan Maris, lokacin da ƙanƙarar kogin ta yi kauri sosai, ake yanko ta gunduwa-gunduwa, kowace ta kai nauyin tan biyu, a adana a rumbun sanyi har kaka. A Nuwamba ake fara gini. Ana fesa wani haɗi na dusar ƙanƙara da ruwa a kan manyan ƙarafa masu siffar baka, idan ya daskare a janye ƙarafan, a bar ɗakuna da lunguna. Masu sassaƙa daga ƙasashe daban-daban su shiga su ƙawata ɗakunan. A buɗe a Disamba, a rufe a Afrilu, ginin ya narke ya koma kogin da aka ɗebo shi. Tun 2016 akwai wani sashe mai suna Icehotel 365 da ba ya narkewa, ana sanyaya shi duk shekara, da taimakon wutar sola a lokacin bazararsu.

Akwai irinsa a Norwe, a Alta da Kirkenes, da kuma Finlan, a yankin Rovaniemi da Kittilä. Tsarin kusan ɗaya ne, don haka abin da ke nan zai yi maka aiki a kowanne.

Abin da ya sa ɗakin ba ya bin sanyin waje sananne ne ga duk wanda ya ga mai sayar da ƙanƙara a kasuwar Marwa yana binne ta cikin ɗiɗɗigar katako da buhu. Iskar da ta maƙale a tsakanin ɗiɗɗigar ce ke hana zafi wucewa. Dusar ƙanƙara ma cike take da iska, don haka bango mai kauri yana raba ciki da waje. Waje zai iya kai digiri 30 ƙasa da sifili, ciki yana nan a 5 ɗinsa, kuma babu iska mai kaɗawa. A daren tsananin sanyi, shiga ɗakin daga waje ɗumi ake ji.

Wanda ya kamata ya dakata

Mai sikila kada ya je, sai in likitan da ke duba shi ya amince ƙarara. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, bushewar iska tana rage ruwan jiki, waɗannan biyun kuwa su ne manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Wannan ba wurin gwada jarumta ba ne, asibiti ma ba a bakin ƙofa yake ba.

Mai asma ya ga likita, ya riƙe abin shaƙarsa a aljihun ciki, domin busasshiyar iska mai sanyi tana shaƙe hanyoyin numfashi. Mai ciwon zuciya ko hawan jini shi ma haka, sanyi yana ɗaga jini. Mai ciwon suga wanda ƙafafunsa suka fara mutuwa yana cikin haɗari na daban, ƙanƙara za ta ci yatsunsa bai ji ba. Insulin kuma idan ta daskare ta lalace, ba a barinta a ɗakin ƙanƙara.

Sai zazzaɓin cizon sauro. Kana iya barin gida da shi a jini bai nuna ba, ya tashi bayan mako a can. Rawar ɗarinsa ta yi kama da ta sanyi, kai da kanka za ka iya ɗauka yanayin garin ne. Idan jiki ya yi zafi, ka je asibiti a ranar, kuma farkon abin da za ka faɗa wa likita shi ne daga Kamaru ko Cadi ka fito. Lambar gaggawa a Suwidin da Finlan 112 ce, a Norwe kuma ta motar asibiti 113 ce.

Takardu da hanya

Suwidin da Norwe da Finlan duk suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ce. Kuɗinta ga babba Yuro 90 ne, wajen sefa 59,000, tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Ana bukatar fasfo da zai kai aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga komai ba, da inshorar lafiya ta Yuro 30,000, da shaidar masauki da tikiti da kuɗin guzuri. Ba kowace ƙasar Shengen ke karɓar takardu da kanta a Yaunde ko Njamena ba, wata takan wakilta wata, don haka fara da bincika wane ofishi ne ke karɓa a madadin ƙasar da za ka. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Amsa takan ɗauki kwana 15, tana iya kai 45. Kama ɗakin da ake iya sokewa a mayar maka da kuɗi, domin dare ɗaya a ƙanƙara ɗaruruwan Yuro ne, asararsa ba ƙarama ba ce idan biza ta ƙi.

Daga Njamena, Yaunde ko Duwala ana bi ta Faris, Istanbul ko Adis Ababa zuwa Sitokholm. Daga nan jirgin sama zuwa Kiruna awa ɗaya da rabi ne. Akwai jirgin ƙasa na dare, wanda ya saba da na Ngaundere zuwa Yaunde ba zai ga baƙon abu ba, sai dai wannan yakan haura awa 15. Agogon Suwidin da Norwe a lokacin sanyi daidai yake da namu, Finlan ce ta riga mu da awa ɗaya. Cajar wayarka za ta shiga soket ɗinsu ba tare da wani mahaɗi ba. Kuɗin Suwidin kurona ne, kuma wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi sam. Ka tabbata bankinka ya buɗe maka katin ya yi aiki a waje kafin ka tashi.

Kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk a bar su a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, a filin jirgi ake ƙwacewa. Dabino an yarda da shi, kuma ya fi komai amfani a wannan tafiya.

Rigar sanyinka da hula da safar hannu su kasance a jakar hannu. Idan babban akwati ya maƙale a Faris, kada ka sauka Kiruna da kaftani kaɗai.

Wane wata, wane dare

Daga wajen 11 ga Disamba zuwa farkon Janairu rana ba ta fitowa a Kiruna. Ba duhu ne ɗungurungum ba, da tsakar rana akan sami 'yan awoyi na haske mai shuɗi kamar bayan magariba. Ga wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba, mun fi son ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris. Rana ta dawo, ginin yana nan da ƙarfinsa, dare kuma yana da duhun da za a ga hasken nan mai launi da ke rawa a samaniyar arewa.

Dare ɗaya ya isa a ƙanƙara. Otal ɗin yana da ɗakuna masu ɗumi irin na ko'ina, sauran kwanakin a nan ake yi. Kada daren ƙanƙara ya zama na farko. Mutumin da ya kwana a hanya, bai ci da kyau ba, bai yi barci ba, jikinsa ba ya samar da zafi sosai. Ka kwana ɗaya ko biyu a ɗumi, ka koyi sa kayan, ka gane hanyar banɗaki da rana, sannan ka shiga.

Tufafi

Auduga ce matsala, kuma kusan duk abin da ke akwatinmu auduga ne: shadda, atamfa, singileti, wandon jins, safar kasuwa. Abin da ya sa take da daɗi a zafin Afrilu shi ne tana shan gumi ta riƙe, iska ta kaɗa ta sanyaya jiki. A can ma haka za ta yi, sai dai sanyayawar ba ta tsayawa. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Ulu kuwa, ko ya ɗan jiƙe yana riƙe ɗumi, yadin roba irin na 'yan ƙwallo kuma yana tura gumi waje ya bushe da wuri.

Hawa uku ake sawa. Na jikin fata: doguwar riga mai dogon hannu da dogon wando masu kama jiki, na ulu ko na roba. Ka tanadi saiti biyu, ɗaya na yini, ɗaya na barci wanda ba za a taɓa shi ba sai lokacin kwanciya. Na tsakiya: suwaita ta ulu ko mai laushin nan ta roba, guda biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin ana iya cire ɗaya idan an fara gumi. Na waje: otal ɗin Jukkasjärvi yana ba baƙinsa aron babbar rigar da ta haɗe da wando, da takalman ƙanƙara, da safar hannu, da hular da ke rufe fuska. Ba sai ka kashe kuɗi a kan waɗannan ba, amma ka tambaya a rubuce idan wani otal ɗin ka kama.

A gwanjon Garwa da Marwa da Njamena ana samun suwaitar ulu ta gaske da araha, tunda ba mai rububinta. Juya rigar ka karanta ƙyallen da ke ciki. Idan ka ga laine ko mérinos ko polyester, ɗauka. Idan coton ne ya fi yawa, ajiye. Safa ta ulu ƙafa huɗu, hular ulu biyu, siririyar safar hannu da za a sa a ƙarƙashin babba, da abin wuya.

Wajen karɓar takalmi, nemi wanda ya fi ƙafarka da lamba ɗaya ko biyu. Yatsu su iya motsi da safa a ciki. Mutane kan cusa safa uku a takalmi matsattse suna ganin sun yi dabara, alhali sun danne jini sun kuma matse iskar da ke riƙe ɗumi. Safar hannu mai aljihu ɗaya, wadda yatsu huɗu ke zaune tare, ta fi mai yatsu biyar ɗumi.

Ga mata: hijabi mai laushi na roba ko ulu a ciki, hula a sama. Babban mayafi ba ya zama a iska, kuma yana iya sarƙewa a keken ƙanƙara. Doguwar riga za ta hau kan wandon sanyi ba matsala. 'Yan kunne da awarwaro da zobe a cire kafin fita, ƙarfe yana ɗaukar sanyi ya kai wa fata. A yi kitso tun a gida, kuma kada a fita ko a kwanta da gashi a jiƙe.

Man kaɗanya yana maganin bushewar fata da tsagewar leɓe, a shafa da dare. Amma ba ya hana ƙanƙara cin fuska, sai ma ya sa mutum ya ji kamar ya tsira. Abin da ke kare kunci da hanci shi ne rufe su. Mai mai ruwa-ruwa kuwa kada a shafa shi dab da fita.

Daren, daki-daki

Da rana ɗakunan ƙanƙara wurin kallo ne, masu yawon buɗe ido suna shiga suna fita. Sai wajen ƙarfe shida na yamma ɗakin ke zama naka. Akwatinka ba ya shiga ciki, ana ba ka loka ko ƙaramin ɗakin canza kaya a ginin ɗumi da ke manne da otal ɗin. A nan banɗaki da wurin wanka suke, a buɗe har safe, da ma'aikaci a kan aiki. Yawancin ɗakunan ƙanƙara labule ne a ƙofarsu. 'Yan ƙalilan masu tsada a sashen da ba ya narkewa suna da banɗakinsu mai ɗumi. Da yamma ana yin ɗan taron koyar da yadda ake shiga buhun barci, wato bargo mai zif da ake kwana a cikinsa, kada ka tsallake shi ko da Turancinka bai da ƙarfi, ido ma yana koya.

Ci abincin dare ka ƙoshi, mai maiƙo da nauyi. Buhun barci ba murhu ba ne, ba ya ƙirƙirar zafi, naka yake tarewa. Abinci ne itacen wutar. Shayi kuma a tsayar da shi awa biyu kafin kwanciya. Wannan zai yi wa mutumin Njamena wuya, amma dalilin mai ƙarfi ne: sanyi yana tsuke jijiyoyin fata, jini ya taru a tsakiyar jiki, ƙoda ta ɗauka ruwa ya yi yawa ta shiga tace fitsari. Shayi ya ƙara a kan haka. Da rana sha ruwa sosai, na famfo ma mai kyau ne, da dare a rage.

Kada ka shiga ɗakin sai barci ya fara kama ka. Zauna a ginin ɗumi, ka yi sallar isha'i a can, ka zaga banɗaki a ƙarshe ko ba ka ji matsuwa ba. Sannan ka canza zuwa saitin barci: riga ɗaya, wando ɗaya, busasshiyar safa, hula. Shi ke nan. A nan ne mutanenmu suka fi kuskure. Ka shiga buhu da suwaita biyu da babbar riga, cikin awa ɗaya za ka yi gumi, gumin ya jiƙa kayan, da tsakar dare ya huce, ka farka kana karkarwa. Kayan da yawa kuma suna cika buhun su hana ɗumin ƙirji kaiwa ga ƙafafu. Safar da ka yini da ita, ko ta yi kamar busasshiya, akwai gumi a cikinta.

Karɓi buhunka da zanen da ake sawa a ciki, ka yafa rigar waje, ka zura takalmi, ka taka da sauri. Gadon ba ƙanƙara tsirara ba ce. Ƙanƙarar tana kewaye, a tsakiya akwai katako da katifa, an shimfiɗa fatun barewar ƙanƙara a kai. Gashin wannan dabba rami ne da shi a ciki kamar kara, shi ya sa fatar ke tare sanyin da ke tasowa daga ƙasa. Kada ka ture ta gefe.

Idan jikinka ya yi sanyi a hanya, yi tsugunne-tashi goma ko goma sha biyar, iya yadda jini zai motsa ba tare da gumi ba. Zauna a bakin gado, cire takalmi ɗaya ka zura ƙafar a buhu, sannan ɗayan, kada safa ta taɓa ƙasa. Ja zif har sama. Akwai igiya biyu: ɗaya a wuya, wadda ke hana ɗumi gudu duk lokacin da ka juya, ɗaya a hular buhun. Ja ta wuyan sosai, ja ta hular har sai hanci da baki ne kawai a waje.

Hanci da baki su zauna a waje har gari ya waye. Mun saba idan sanyi ya yi mu ja bargo mu rufe kai, kuma cikin barci hannu zai so ya yi hakan da kansa. Numfashin dare guda yana fitar da ruwa mai yawa, idan ya zuba a cikin buhu zai jiƙa shi daidai ƙirji da wuya. Idan hanci ya dame ka, ɗora siririn abin wuya na ulu a kansa. Da safe za ka ga farin ɓurɓushin ƙanƙara a bakin hular, hucinka ne ya daskare a inda ya kamata.

Waya da tabarau da 'yar tocila su kwana tare da kai a cikin buhu. Batirin waya yana zubewa a sanyi, waya mai rabin caji tana iya mutuwa cikin mintoci. Ba a kuma cajin batiri yana daskare, sai ya ɗumama. Rigar waje a shimfiɗa ta a ƙarƙashin buhu ko a kan ƙafafu. Dabino biyar ko bakwai a aljihu. Ruwan da aka bari a gefen gado zai daskare.

Ma'aurata za su iya neman buhu mai cin mutum biyu. Yana da daɗi, amma duk juyin da ɗaya ya yi iska tana shiga ta wuya. Wanda ya san shi mai jin sanyi ne ya karɓi nasa shi kaɗai.

Idan dare ya ƙi

Fitsari ya taso da ƙarfe uku: tashi ka je. Kwanciya ana juyi ana jinkiri ba ta kawo barci, sai ɓata awa biyu. Rufe buhun bayan ka fita don ya riƙe ɗuminsa, tafiyar minti biyar ce.

Ƙafafu sun yi sanyi: duba ko safar ta matse ko ta jiƙe. Idan buhun ya fi ka tsawo, cusa suwaita a ƙasan ta cike wurin da babu kowa, domin jikinka ne ke wahalar ɗumama wannan iskar. Ci dabino, ka ɗaɗɗaure tsokar cinya da ciki kana saki na minti biyu.

Ka ji zafi: sassauta igiyar wuya ko ka buɗe zif kaɗan tun kafin gumi ya karyo.

Karkarwa ta ƙi tsayawa bayan duk wannan: tattara ka koma ginin ɗumi ka gaya wa ma'aikaci. Ba abin kunya ba ne, don haka aka ajiye shi a wurin. Idan abokin tafiya ya fara magana tana sarƙewa, yana tuntuɓe, hannunsa ya kasa jan zif, ko karkarwarsa ta tsaya alhali bai ɗumama ba, zafin jikinsa ne ya faɗi ƙasa da digiri 35. A kai shi ɗumi, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a kira 112.

Ba a kunna wuta ko garwashi ko turaren wuta a ɗakin ƙanƙara.

Salla da abinci

Alwala a ginin ɗumi ake yinta, da ruwan ɗumi, a goge jiki tas, musamman tsakanin yatsun ƙafa da gemu, a jira minti goma kafin fita. Huffi yana sauƙaƙa tafiyar ƙwarai. A Malikiyya sharaɗi ne ya zama na fata, ya rufe idon sawu, a kuma sa shi bisa cikakkiyar alwala. Dukawan kasuwanninmu za su ɗinka maka, ka sa a yi shi da ɗan faɗi ya hau kan safar ulu. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru. A ɗakin canza kaya ake salla, ba a kan ƙanƙara ba.

Alƙibla za ta ba ka mamaki. A gida gabas muke fuskanta mu ɗan karkata arewa. A Kiruna kudu ake fuskanta a ɗan karkata gabas, wajen digiri 155 daga arewa.

A kwanakin da rana ba ta fitowa, malamai sun yi fatawa a ƙaddara lokuta, bisa hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim inda aka yi umarni da ƙaddara wa yini mai tsawo lokutansa. Wasu sun ce a bi gari mafi kusa da ake rarrabe dare da rana, wasu sun ce a bi Makka. Zauna da malaminka kafin tafiya ku tsayar da ɗaya, ka rubuta lokutan a takarda. Manhajar waya takan rikice a can. A Fabrairu da Maris rana tana fitowa tana faɗuwa, sai dai azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da juna.

A teburin karin kumallo akwai naman alade yanka-yanka a gefen cuku da burodi. Kalmomin da za ka kiyaye a Suwidin su ne fläsk da gris da skinka. Kifi yana da yawa kuma mai kyau ne, ga ƙwai, ga dankalin Turawa. Naman barewar ƙanƙara shi ne abincin yankin, mutanen Sami ne ke kiwon ta, suna bin garke daga makiyaya zuwa makiyaya kamar yadda Fulani ke yi da shanu. Dabbar halal ce, amma yankan ba namu ba ne, mai kiyaye wannan ya tsaya a kifi. A mashayar otal ɗin kofunan ma na ƙanƙara ne, ana zuba giya ana kuma zuba lemon da babu ita, ka faɗa a fili wanda kake so.

Waje ya fi ɗakin haɗari

Yawon keken da karnuka ke ja, ko babur ɗin ƙanƙara wanda sai da lasin tuƙi, ko tsayuwar kallon sama, a nan ƙanƙara ke cin mutum. Gudu yana ƙara iska, iska tana ƙara cizon sanyi. Wuraren da take fara kamawa su ne hanci, kunci, kunne da yatsu. Littattafan Turawa sun ce fata takan yi fari, a baƙar fata kuwa toka-toka take yi, ta dusashe, ta yi tauri kamar kakin zuma. Zafin cizon yana ɗaukewa, mutum ya ɗauka ya samu sauƙi, alhali wurin ne ya mutu. Ku riƙa duba fuskokin juna duk bayan minti ashirin, kada ku jira jagora, idonsa bai saba gane alamar a fatarmu ba.

Idan ta fara, ɗora tafin hannu mai ɗumi a wurin, yatsu kuma a cusa su a hammata. Ba a murzawa, ba a gogawa da dusar ƙanƙara, ba a kara wurin a wuta, domin fatar da ba ta ji za ta ƙone ba a sani ba. Idan ta yi zurfi, ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 ake tsomawa, wato wanda gwiwar hannu za ta ji daɗinsa, a kuma nufi asibiti. Kada a taɓa ƙarfe da hannu tsirara. Tafiya a kan santsi gajeren taku ake yi, hannaye a waje da aljihu.

Hasken da ke rawa a sama yana fitowa ne idan ɓurɓushin da rana ke watsowa ya ci karo da iskar sama, kilomita 100 ko fiye daga ƙasa. Koren launin daga iskar oksijin yake. Ana ganinsa daga Satumba zuwa ƙarshen Maris, idan sama ta washe. Ba wanda zai yi maka alkawarinsa, mai kwana uku ko huɗu ya fi mai kwana ɗaya rabo. Abisko, wajen kilomita 100 daga Kiruna, ta yi suna da sararin sama marar gajimare. Idan ka gama ɗaukar hoto, sa kyamara a leda ka ɗaure kafin ka shiga ɗumi, ka bar ta awa ɗaya. In ba haka ba raɓa za ta kwanta mata har ciki.

Safiya

Ma'aikaci zai ɗaga labule ya miƙo maka kofin ruwan wasu jajayen 'ya'yan itace na dajin can, mai zafi, mai ɗan tsami kamar zoɓo, babu giya a ciki. Sha shi kana cikin buhu. Jawo rigar waje cikin buhun ta ɗan ɗumama kafin ka sa. Takalmi zai yi tauri, zura ka tafi, zai saki a hanya. A mayar da buhu a teburin da aka karɓa.

Daga nan sai ɗakin gumi da suke kira sauna, mai zafin digiri 80 ko fiye. Al'adarsu a shiga ba kaya, don haka tambayi tsarin maza da mata tun da yamma, ka shiga da tawul ko gajeren wando, ko ka wadatu da wankan ruwan zafi. Minti goma ya isa ga sabon shiga, a sha ruwa kafin da bayan. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya bar shi. Idan akwai yatsa ko kunnen da har yanzu ba ya ji, ko ya yi ƙuraje masu ruwa, a nuna wa ma'aikaci kafin a kusanci zafi.

Kayan aro ana mayar da su ranar tashi, don haka naka su kasance a sama cikin jaka: saitin ulu, suwaita biyu, rigarka, hula, safar hannu. Filin jirgin Kiruna ƙarami ne, a ƙasa ake takawa daga gini zuwa matakalar jirgi, layin kuma yakan tsaya a fili.